Yadda Ake Haɗa Ɗan Kuɗi Cikin Kwanaki Kaɗan Ba Tare Da Cin Bashi Ba

Akwai buƙatar da ba ta jiran ƙarshen wata. Kuɗin magani ne, ko cikon haya, ko waya ce ta faɗi gilashinta ya tsage, ga shi kuma da ita ake neman abinci. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ana son su nan da kwana uku ko mako guda. A irin wannan matsin ne mutum ya fi saurin tafka wauta: ya ci bashin da ruwansa zai shaƙe shi, ko ya tura ɗan abin da ya rage masa ga wanda ya yi alkawarin ninka masa kafin jibi.

Kuɗin gaggawa daga wuri uku suke fitowa: abin da ka riga ka mallaka, abin da ka riga ka iya, da mutanen da suka riga suka san ka. Duk hanyar da sai ka koyi sabon abu, ko ka tara mabiya, ko ka zuba jari kafin ta fara ba ka, tana iya zama hanya mai kyau, sai dai ba ta wannan makon ba ce. Matakan da ke ƙasa an jera su ne daga wanda ya fi saurin kawo kuɗi zuwa wanda ya fi jan lokaci.

Mataki na farko: rubuta nawa ne, kuma yaushe

Ka ɗauki takarda ka rubuta adadin da ranar. "Ina buƙatar kuɗi" damuwa ce kawai, ba ta da bakin zare. "Ina buƙatar kaza kafin ranar Alhamis da yamma" aiki ne da za a iya rabawa gida-gida.

Daga nan sai ka gwada rage adadin kafin ka fara nemansa. Ka kira wanda za a biya ka tambaye shi ko zai karɓi rabi yanzu, rabi bayan mako biyu. Mutane da yawa suna yarda idan an zo musu tun kafin ranar, da magana tsayayya. Ka leƙa wayarka ka dakatar da duk wani biyan da ke cire kansa daga asusunka kowane wata, na kallo ne ko na wata manhaja da ka manta da ita. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ainihin abin da kake nema, kuma sau da yawa bai kai wanda ya hana ka barci ba.

Mataki na biyu: karɓo naka da ke hannun mutane

Abin mamaki ne yadda mutum zai ji kunyar tambayar kuɗinsa, amma bai ji kunyar zuwa rance ba. Ka lissafa duk wanda kake bi: wanda ka ranta wa, wanda ka yi wa aiki ya ce zai turo, wanda ya ɗauki kaya bai cika ba, da kuɗin ajiyar da ka bayar a wani wuri ba a dawo maka da su ba.

Yadda ake tambayar ne ke raba wanda ake biya da wanda ake ce wa "ka ɗan ƙara haƙuri". Kada ka rubuta "ya maganar kuɗin nan?" domin amsarta a shirye take. Ka ambaci adadi da rana, ka kuma buɗe masa ƙofar biyan wani ɓangare:

"Salamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya da iyali. Wata lalura ce ta taso mini da zan biya ranar Alhamis. Don Allah ko za ka iya turo mini rabin kuɗin nan kafin Laraba da dare? Sauran sai ƙarshen wata, ba damuwa."

Wanda ba zai iya ba da duka ba yakan gudu gaba ɗaya, amma rabi ko sulusi bai fi ƙarfinsa ba. Kuma kira ya fi saƙo. Saƙo ana iya karantawa a yi shiru.

Mataki na uku: sayar da abin da ke zaune

Nan ne mafi yawan kuɗin gaggawa suke, don haka zan daɗe a kai.

Ka zagaya ɗakinka da idon mai saye. Tsohuwar wayar da ke cikin durowa, caja da abin jin sauti na kunne, kwamfutar da aka daina kunnawa, fanka, dutsen guga na biyu, keken da yaro ya girme shi, gadon jariri, takalmin da aka sa sau ɗaya ya matse. Ka kasa su kashi biyu. Masu saurin tafiya su ne wayoyi, kayan lantarki masu aiki, kayan aikin hannu, kayan jarirai da kujeru ko tebur masu ƙwari. Masu nauyin tafiya su ne tufafi, littattafai da kayan ado na bango; waɗannan a haɗa su ƙunshi guda a sa musu farashi ɗaya, don idan ka tsaya sayar da riga ɗai-ɗai mako zai ƙare kana amsa tambayar "akwai wata kala?"

Abu ɗaya ba a taɓawa: kayan da kake neman abinci da su. Tela ba ya sayar da kekensa don ya biya haya, domin wata mai zuwa ma akwai haya.

Sai farashi. Kowane kaya na hannu yana da farashi uku. Akwai na ɗan kasuwar da zai saya ya sake sayarwa. Shi ne mafi ƙanƙanta, amma a take ake ba ka. Akwai na mai saye don amfanin kansa idan kana sauri. Akwai kuma na mai haƙurin jiran wata guda. Kai na biyun kake nema, na farkon kuma shi ne mafakarka idan rana ta ƙure. Don ka gano su, ka duba abin da wasu suka sa wa irin kayanka a intanet, ka tuna cewa farashin da aka rubuta buri ne, kuma tallar da ta yi makonni tana rataye shaida ce cewa an tsawwala. Ka sa naka ƙasa da nasu kaɗan. Sannan ka kai kayan wurin 'yan kasuwa biyu ko uku su taya, ko da ba ka da niyyar sallamawa. Tayinsu ne zai nuna maka ƙasan da ba za ka sauka ƙarƙashinsa ba. Abin da ka saye shi a da kuwa, ka cire shi daga ranka. Mai saye bai damu da shi ba.

Hoto ne rabin cinikin. Ka goge kayan tsaf, ka ajiye shi kusa da taga da hantsi, a kan farin ƙyalle ko tebur marar tarkace, ka kashe fitilar kyamara. Ka ɗauki gaba, baya, gefe, da kuma inda yake da tabo. Idan abin lantarki ne, a ɗauke shi a kunne, ko a yi bidiyo na daƙiƙa goma yana aiki. Nuna tabon yana da amfani a gare ka: wanda ya ga tsagewar a hoto ya zo, ya riga ya yarda da ita, ba zai tsaya a gabanka yana jujjuya kayan yana zaftare farashi ba. A rubutun talla kuma a taƙaita: sunan kaya da samfurinsa, tsawon lokacin da aka yi amfani da shi, aibinsa, abin da ke tare da shi kamar kwali ko rasit, farashi, da lokacin da za a iya gani. Ka rubuta farashin a fili. "Mai so ya yi magana ta ciki" yana korar masu saye na gaske, ya bar ka da 'yan tambaya.

Idan waya ce, akwai aikin da ake yi kafin a miƙa ta. Ka kwashe hotunanka da lambobinka. Ka fita daga manhajojin banki da WhatsApp. Ka cire asusun Google daga wayar Android kafin ka goge ta, domin idan ka goge ba ka cire ba za ta nemi tsohon asusun a hannun sabon mai ita, ya dawo maka da rigima. A iPhone kuma ka kashe Find My ka fita daga iCloud. Bayan haka sai ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka zare layi da katin ajiya. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Ka rubuta ta a 'yar takardar ciniki tare da sunan mai saye da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Wannan takarda tana kare ku duka biyu idan wata magana ta taso daga baya.

Ina za a tallata? Ka fara da waɗanda suka san ka. Sitatus ɗin WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, don haka a sake ɗorawa kullum, da safe da kuma bayan an tashi aiki. Ka sani kuma cewa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa ne yake ganinsa, shi ya sa ya kamata ka roƙi mutum uku ko huɗu masu jama'a su ɗora maka a nasu. Daga nan sai zaurukan unguwa, na wurin aiki da na tsofaffin 'yan makaranta, sannan Facebook Marketplace, wanda yake nuna kaya ga mutanen da ke kusa da kai. Na kusa ya fi na nesa ko da na nesa ya fi tayi, saboda aika kaya yana cin kwanaki kuma yana buɗe ƙofar gardama.

Wajen ciniki ka bar ɗan sarari na ragi a saman farashinka, ka kuma tsayar da ƙasanka a zuciya tun kafin wayar farko ta shigo. Kada ka faɗa wa mai saye cewa lalura ce ta sa kake sayarwa. Da zarar ya ji haka sai ya ja kujera ya zauna. Idan tayi bai kai ba, "albarka" ta isa, ba sai an yi dogon bayani ba. Wanda ya ce a ajiye masa zuwa gobe, ya ba da kafin alƙalami, in ba haka ba wanda ya riga zuwa da kuɗi shi ne mai kaya.

Wurin karɓar kuɗi ne ake yi wa masu gaggawa sakiyar da ba ruwa. A haɗu da rana, a wurin da jama'a suke, ka je da wani idan kayan mai tsada ne. Idan ta banki za a biya, ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna a asusu. Hoton rasit a wayar mai saye ba hujja ba ce, saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi. Akwai kuma tsohuwar dabara: mutum ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da farashi, ka mayar masa da ragowar. Ko dai bai turo komai ba, ko ya turo daga asusun sata wanda za a janye daga baya. Haka nan duk mai sayen da ya ce ka karanto masa lambar da aka turo wayarka "don ya tabbatar kai ne", asusunka yake nema. Lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ke turowa, da wadda banki ke turowa, ba a faɗa wa kowa su.

Zinariya tana da nata lissafi. Da nauyi ake sayenta, kuma kuɗin ƙira da ka biya ranar saye ba ya dawowa. Ka duba hatimin da ke jikin maƙalar sarƙa ko cikin zobe: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22, wato kashi 91.6 cikin ɗari zinariya ce zalla. Ka nemi farashin giram na ranar, ka sa a auna a gabanka, a cire nauyin duwatsu a bayyane, ka kuma ji tayin wuri biyu kafin ka sallama. Tsofaffin ƙarafa ma haka: jan ƙarfe ya fi almuniyam daraja, almuniyam ya fi baƙin ƙarfe. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama sauran biyun, don haka da shi za ka ware su. Idan ka kai su a cakuɗe, da farashin mafi araha za a auna maka duka. Mataccen batirin mota ma kuɗi ne saboda dalmar da ke cikinsa. A kai shi yadda yake, kada a fasa, ruwansa yana ƙuna.

Jingina fa? Tana kawo kuɗi a take, amma abin da ake bayarwa ƙasa yake da darajar kayan sosai, kuma idan wa'adi ya cika ba ka fansa ba kayan ya tafi a wannan ƙaramin kuɗin. In ka san a ranka ba za ka iya fansa ba, gara ka sayar kai tsaye ka karɓi cikakken farashi.

Mataki na huɗu: sayar da sa'o'inka

A kowace unguwa akwai ayyukan da mutane suke ta ɗagawa saboda ba su da lokaci ko ƙarfi: sharar ɗakin ajiya, wanki da guga da suka taru, wankin mota, sassabe, fentin ɗaki ɗaya, kwashe kaya ranar ƙaura, ɗauko yara daga makaranta, zama da marar lafiya na 'yan awanni, zuwa cefane ko bin layi a madadin wani. Akwai kuma na ilimi: lesin ga yaron da jarrabawa ta matso masa, buga takardu a kwamfuta, cike fom a intanet, gyara takardar neman aiki, kwashe bayanai daga tsohuwar waya zuwa sabuwa ga dattijon da abin ya rikice masa, ɗaukar hoton kayan mai shago da rubuta masa talla. Mai ɗinki, mai aski, mai kitso da mai gyaran wuta ko famfo sun riga sun fi kowa sa'a, nasu kawai su sanar cewa suna zuwa har gida a wannan makon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "idan akwai wani aiki a taimaka mini". Wannan ya ɗora wa mai sauraro nauyin tunani, shi kuma yana da nasa. Ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu, ka ambaci rana da farashi:

"Baba, barka da yamma. Ranar Asabar ina da sarari daga safe zuwa azahar. Na ga ciyawar bayan gida ta yi yawa. Idan kun amince zan zo in share ta in kwashe, kuɗin aikin kaza ne, a biya idan na gama."

Ka tura irin wannan ga mutum ashirin da suka san fuskarka. Yawancinsu ba za su buƙata ba, kuma ba wani abin jin zafi a ciki. Biyu ko uku kake nema. Ka ƙara da cewa idan sun san mai buƙata su ba shi lambarka.

A yi ciniki kafin a taɓa aiki. "Ka fara, ai ba za mu ɓata ba" ita ce jimlar da ta fi cinye gumin mutane. Ka je ka ga aikin da idonka tukuna, ku tsayar da iyakarsa: ɗaki nawa, riga nawa, shafi nawa, wa zai kawo sabulu ko fenti, yaushe za a biya. Farashin aiki dungurungum ya fi na awa, saboda mai gida ya san abin da zai fitar, kai kuma idan hannunka da sauri ribarka ce. Idan aikin yana buƙatar sayen kaya, mai aiki ne zai ba da kuɗinsu tun farko. Kada ka zuba ɗan abin da ke hannunka a aikin wani. Idan ana cikin yi aka ce "ɗan haɗa da wancan ma", ka amsa da fara'a ka faɗi kuɗinsa a lokacin.

Tsakanin dangi da abokai abin yana da ɗan nauyi, na sani. Amma faɗin farashi tun farko ya fi sauƙi a kan zumunci fiye da a gama aiki a miƙo maka abin da zai sa ka yi kwana uku kana ƙunci.

Kayan da ba ka son sayarwa kuma ana iya ba da hayarsu: tsani, injin huda bango, janareta, kujeru, lasifika, kyamara. A ɗauki hotonsu kafin su fita, a karɓi kuɗin haya gaba ɗaya da wani abin ajiya, a kuma ba wanda aka san gidansa kawai.

Mataki na biyar: shiga tsakani

Idan ba ka da kaya kuma ba ka da sarari, kana da waya da jama'a. Dillanci ba ya buƙatar jari. Wani yana da firiji yana son rabuwa da shi amma ba ya son wahalar talla. Kai ka ɗauki hoto, ka tallata, ka kawo mai saye, ka karɓi la'ada. Sharaɗin shi ne a tsayar da la'adar tun farko, ko kaso cikin ɗari ko adadi tsayayye, a rubuce ko da a saƙon waya ne. Ka ga kayan da idonka, ka tabbatar na mai shi ne. Kaya mai arha fiye da kima daga hannun wanda ba shi da rasit kuma yana sauri, ka bar shi ya wuce. Idan na sata ne, kai da ka tallata za a fara kamawa.

Ɗan'uwan wannan shi ne karɓar oda kafin saye. Ka san inda ake sarin wani abu da araha, ka tara mutum goma masu so, kowa ya ba da rabin kuɗi, ka saro daidai adadin, ka raba, ka karɓi ciko. Ba kayan da zai kwana a hannunka. Sai dai kafin ka faɗi farashi ka lissafa kuɗin mota, leda ko kwali, data da cajin tura kuɗi, domin waɗannan ƙananan ne suke cinye ribar ba a ankara ba. Kuɗin odar mutane kuma amana ne. Ranar da ka taɓa su don biyan taka lalurar, ka mayar da matsala ɗaya goma.

Mataki na shida: intanet, da idon basira

Da gangan na ajiye shi a nan. Ana samun kuɗi a intanet, amma manyan dandamalin aiki ba a gina su don mai gaggawa ba. A Fiverr, dandalin da masu sana'a ke samun aiki ta intanet, kamfanin yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki, sauran kuma sai sun yi kwana 14 bayan kammala aikin kafin sabon mai sayarwa ya iya cire su, ban da makonnin da za ka yi kana jiran abokin ciniki na farko alhali ba ka da ko shaidar yabo ɗaya. PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, yana iya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 (ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90), kuma ba a biya sai abin da aka tara ya kai dala 100. Shafukan amsa tambayoyin bincike suna biyan ɗan mitsitsi, suna da adadin da sai ka kai shi za ka cire, ga shi ana yawan katse mutum a tsakiya a ce bai dace da binciken ba. Ka lissafa data da sa'o'in da suka tafi kafin ka kira shi samu.

Idan kana da sana'ar kwamfuta, kamar zane, fassara, gyaran bidiyo ko rubutu, ka buɗe shafi a waɗannan wurare yau don amfanin wata uku masu zuwa. Na wannan makon kuwa, ka kai sana'ar kai tsaye ga masu ƙananan kasuwanci da za ka iya yi wa magana baki da baki. Ka yi samfuri ɗaya da kayan mutumin, ka nuna masa a wayarka, ka faɗi farashi, rabi kafin aiki rabi bayansa. Kada cikakken aikin ya bar hannunka sai ciko ya shigo. A tura mai tambari a kai ko mai ƙarancin haske tukuna.

Ramukan da aka haƙa don mai sauri

A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45. Da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko, kuma kafin shekarar ta ƙare abin ya rushe. A 1994 kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya yi irin wannan rushewar a Rasha da kuɗin ɗimbin jama'a. Suna ne kawai yake canzawa, yau a ce kasuwar kuɗin intanet, gobe a ce noma ko haƙar ma'adinai. Alamomin ba sa canzawa: riba tsayayya mai yawa cikin ɗan lokaci, lada idan ka kawo wani, da hanzarin "yau ne rana ta ƙarshe". Cewa maƙwabcinka ya ciri kuɗi ba hujja ba ce. Biyan na farko shi ne tallar.

Sabon salon shi ne na "aikin danna-danna". Saƙo zai shigo a WhatsApp ko Telegram cewa za a biya ka idan ka danna alamar so a bidiyo ko ka yaba wa wani otal. Za a biya ka na farko da na biyu, ɗan kaɗan, don ka saki jiki. Sannan a ce ka zuba kuɗi don a buɗe maka manyan ayyuka, allon ya riƙa nuna ribarka tana hawa, ranar cirewa kuma a ce sai ka biya haraji. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: aikin da zai ce ka biya kuɗin rajista, na horo ko na kayan aiki kafin ka fara, kai ne kasuwarsa.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne a ce ka ba da aron asusunka na banki, kuɗi su shigo ka tura gaba ka cire kasonka. Kuɗin damfara ake wankewa da sunanka, kuma idan bincike ya zo, a kan sunan da ke jikin asusun yake tsayawa. Caca kuwa lissafinta an gina shi ne yadda kamfani zai ci riba a kan jimillar masu wasa, kuma mai neman cikon haya shi ne ya fi kowa saurin bin abin da ya faɗi da wanda ya rage. Manhajojin ba da rance na take su ma a karanta su da kyau: ruwan da aka rubuta na mako ne ko na wata, nawa ake cirewa tun kafin kuɗin su iso, kuma me ya sa suke neman izinin shiga lambobin wayarka. Wasunsu da waɗannan lambobin suke bi suna tozarta mutum a wurin danginsa idan ya makara.

Mataki na ƙarshe: tsara kwanakin, ka killace abin da ya shigo

Kada ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya kana jiran kowanne ya ƙare. A ranar farko ka yi kiran masu bashi, ka ɗauki hotuna ka ɗora talla, ka tura saƙonnin neman aiki, duka kafin dare. Rana ta biyu ta amsa waya ce da kai kaya a taya. Idan talla ta yi awa 48 ba wanda ya yi magana, farashin ne. Ka rage kashi 10 cikin ɗari ka canza hoton farko. Idan ana ta tambaya amma ba a zuwa, ka duba bayaninka ko wurin haɗuwar da ka zaɓa.

Duk abin da ya shigo, kada ya haɗu da kuɗin aljihu. Ka sa shi a ambulan ko wani asusu daban, ka rubuta a takardar nan ta farko nawa ya shigo, nawa ya rage. In da hali ma ka riƙa tura shi kai tsaye ga wanda za a biya, kashi-kashi, ka karɓi shaida, domin kuɗin da ke hannu suna jawo buƙatun da ba a san da su ba.

Idan ya rage kwana ɗaya ba ka cika ba, lokacin komawa ga tayin 'yan kasuwar nan ya yi: ka ɗauki mafi tsoka cikin tayin nasu ka sallama. In har yanzu da saura, ka je wurin mai karɓa a yau, da abin da ka haɗa a hannunka, ka ba shi, ka faɗi ranar ciko wadda ka tabbatar za ka iya, ko da ta fi wadda yake so nisa da kwana biyu.